Yadda ake sanyaya katin girafik a ƙara masa gudu a zafin Gombe

Katin girafik, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto, ba ya yin sanyi fiye da iskar da ake hura masa. Idan zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10, na katin ma zai ƙaru da kusan digiri 10 matuƙar fankarsa na juyawa yadda ta saba. Shi ya sa alƙaluman da ake gani a bidiyon masu gwajin kati na Turai da Amurka ba sa zama daidai a wurinmu. Su galibi a ɗaki mai na'urar sanyaya suke aunawa, wajen digiri 22. Kai kuwa kana Pantami ko Jekadafari, a shago mai rufin kwano, cikin watan Afrilu da ƙarfe biyun rana, zafin waje na taɓa 40. Katin da ya nuna musu 68 zai iya nuna maka 83, alhali lafiyarsa ƙalau.

Katunan yanzu da kansu suke zaɓar gudunsu. A jerin GTX 10 da NVIDIA ta fitar a 2016 da waɗanda suka biyo baya, katin yana hawa ne gwargwadon abin da zafi da wuta suka ba shi dama. Yana ɗumi yana sauka da kaɗan-kaɗan, MHz 13 zuwa 15 a kowane taki, kuma da yawansu suna kai digiri 83 sai su fara ja da baya sosai don kare kansu. Ke nan wanda ya sauke zafin katinsa ya riga ya ƙara masa gudu tun bai taɓa komai a manhaja ba. Wanda kuma ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye wurin ja wa katin lamba, lambar za ta hau a rubuce, amma minti goma da fara aiki zafi zai maido shi inda yake.

Tun yanzu a daidaita buri. Abin da ake samu daga obakulok, wato ƙara wa kati gudu fiye da na masana'anta, a yawancin katuna kashi 5 zuwa 10 ne cikin 100. Gem ɗin da ke ba ka firem 60 a daƙiƙa zai koma 64 ko 65. Mai haɗa bidiyon biki a Premiere ko DaVinci Resolve, ko ɗalibin zanen gini da ke kwana yana jiran Lumion ta gama fitar da hoto, zai rage 'yan mintoci. GTX 1060 ba zai zama RTX 3060 ba. Ribar da ta fi wannan girma ita ce katin ya daina ihu, ya daina tsayawa cak ana tsakiyar aiki. Idan katinka sabo ne yana da garanti, ka yi aikin ƙura da na manhaja ka bar notinansa. Laftof kuma magana ce daban, ba da ita ake ba a nan.

Ka fara da awo

Manhajoji huɗu sun isa, duk kyauta ne: GPU-Z da HWiNFO64 na karanta zafi da wuta, MSI Afterburner na saiti, sai Unigine Superposition ko tsohuwarta Heaven ta wahalar da katin. Afterburner a shafin MSI ko Guru3D kaɗai za ka sauke ta, don an sha buɗe shafukan bogi da sunanta ana cusa wa mutane ƙwayar cutar da ke satar bayanai.

Rufe kes ɗin, wato akwatin kwamfutar, yadda ka saba aiki da shi, ka yi ta maimaita gwajin minti 20 zuwa 30, a lokacin da ɗakin ya fi zafi. Gwajin bayan sallar asuba yaudarar kai ne. Ka rubuta a takarda: zafin GPU, wato ƙwaƙwalwar katin, zafin wuri mafi zafi da manhajar ke rubutawa Hot Spot, zafin memori idan katinka na nunawa, gudun da katin ya tsaya a kai bayan ya ɗau zafi, saurin fanka, wat nawa yake sha, makin da ya ci, da ƙarfe nawa ne. Wannan takarda ita ce alƙalinka a duk matakan da ke gaba.

Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne tazarar da ke tsakanin zafin GPU da na Hot Spot. Digiri 10 zuwa 15 ba komai. Idan ta wuce 20, balle ta doshi 30, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ya gudu gefe. Katunan AMD tun daga RX 5700 kamfanin ya ce wuri mafi zafi zai iya kai 110 ba tare da an fita daga ƙa'ida ba, amma ba wurin zama ba ne kullum. Memorin GDDR6X da ke kan RTX 3080 da 3090 shi ma a 110 yake sa katin ya rage gudu, kuma ya yi suna wurin zafi.

Yawancin katunan da ke hannun mutanenmu na hannu ne. A watan Satumban 2022 Ethereum, wani nau'in kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙo ta katin girafik, masu haƙar suka zubo kayansu kasuwa, irin su RX 580 da GTX 1660 Super da RTX 3070, wasunsu sun shekara biyu ko uku ba a kashe su ba dare da rana. Ƙwaƙwalwarsu sau da yawa lafiya lau take. Abin da ya gaji shi ne fanka da mai da fad, wato faifan roba mai laushi da ke kwance kan memori. Idan ka ga maiƙo-maiƙo a bayan katin, fad ɗin ne suka yi gumin man silikon, alamar sun sha wuya. Ka kuma duba GPU-Z da kyau: RX 580 na ainihi yana nuna 2304 a gurbin Shaders, wanda ya nuna 2048 ƙarfinsa na RX 570 ne, don haka kada ka auna shi da lambobin na ainihin.

Ƙura da iskar kes

Kafin sukudireba, bulowa. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana cusa ƙura tsakanin siraran faifan ƙarfen nan na lagireton katin, wato ƙarfen sanyaya, har ta dunƙule ta toshe hanya. Kashe kwamfutar, zare fulogi, fita da ita waje. Ka sa yatsa ka riƙe fankar kafin ka hura, don idan bulowa ta juya ta fiye da ƙima tana cinye mata gindi. Abin da ya maƙale ka bi shi da buroshin fenti mai laushi.

Daga nan ka yi gwaji mai sauƙi. Cire murfin gefe ka maimaita awon farko. Idan zafin ya faɗi da digiri 5 ko fiye, laifin ba na katin ba ne, kes ɗin ne ba ya numfashi. Fanka biyu a gaba masu shigo da iska, ɗaya a baya mai fitarwa, shi ne tsarin da ya fi dacewa da mu, don idan mai shigowa ta fi mai fita yawa ƙura ba ta samun kutsawa ta kowace kafa. In babu matata a gaba, yankin tsohon gidan sauro yana tare da yawa, sai dai ka riƙa kakkaɓe shi. Ka ɗauke kes ɗin daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka janye shi daga jikin bangon da rana ke duka. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, ba sai an buɗe katin ba.

Buɗe katin

Kada ka kwance noti ko ɗaya sai kayan aiki sun kammala a gabanka. Kana buƙatar ƙananan sukudireba masu bakin tauraro, lamba PH0 da PH1. Wasu katunan da NVIDIA ta ƙera da kanta suna da notin Torx. Sai sifirit mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran waya ke wanke bod da shi, mai kashi 90 ko fiye, da tsumma mai tsabta marar gashi, da tsinken auduga na kunne, da tsohon katin ATM na shafawa. Sai man sanyaya, wanda a shago za ka tambaya da tamal fes, da tamal fad, wato faifan roba mai laushi da ke kwance kan memori da sashen rarraba wuta.

A wurin mai kada ka yi rowa. Arctic MX-4 ko MX-6, ko Noctua NT-H2, duk suna aiki kuma wutar lantarki ba ta bi ta cikinsu. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a ƙaton sirinji, a kan katin girafik wata kaɗan yake ya bushe. Idan ba ka samu mai kyau a cikin gari ba, ana aikowa daga Titin Beirut a Kano ko Computer Village ta Ikeja a sa maka a mota. Man goge baki da wasu ke gwadawa a bidiyo wasan yara ne. Ruwan ƙarfe kuma, wanda aka yi da galiyam, ka bar wa masu shi: wutar lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya ya zame gefe ya gama da katin, kuma yana cin alminiyon.

Akwai abin da ya fi mai dacewa da yanayinmu, wato PTM7950 na kamfanin Honeywell. Siririn faifai ne da ke narkewa idan ya kai wajen digiri 45, ya cike ramukan da ido ba ya gani, ya sake daskarewa in an kashe. Amfaninsa shi ne ba ya guduwa. Mai na yau da kullum, duk lokacin da ƙarfe ya buɗe da zafi ya tsuke da sanyi sai ya ɗan tura shi waje, kuma a inda wuta ke zuwa ta tafi sau da yawa a yini wannan buɗewa da tsukewar ta fi yawa. Na jabunsa sun cika intanet, don haka ka san wurin wanda za ka saya.

Fad shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kaurinsa hawa-hawa ne: milimita 0.5, 1, 1.5, 2, har 3, kuma kati ɗaya kan haɗa kauri biyu ko uku. Ba sunan RTX 3060 kaɗai za ka nema ba, sai da sunan kamfanin da ya ƙera da samfurinsa, don na Gigabyte da na Zotac ba ɗaya ba ne. Idan zafin memorinka bai yi yawa ba kuma fad ɗin sun fito ba su yage ba, ka bar su yadda suke. Idan ba ka tabbatar da kaurin ba, akwai mai kama da ƙullu da ake kira tamal foti, wanda ke matsuwa ya ɗauki kaurin wurin da kansa.

Ka bar katin ya yi aiki minti goma ya ɗan yi ɗumi, tsohon man zai fi saurin saki. Kashe, zare fulogi, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu ragowar wuta ta fita. Cire wayoyin wuta, kwance notin da ya riƙe katin a bayan kes, danna ɗan makullin da ke ƙarshen ramin madabod, babban allon da katin ke soke a kansa, sannan ka zaro. Lokacin hunturu jiki na tara wutar da ke ɗan tsikarin mutum in ya taɓa ƙarfe, kuma ita ma tana kashe kayan lantarki, saboda haka ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka taɓa katin, kada kuma ka yi aikin a kan darduma ko bargo. Tebur na katako ya fi.

Zana hoton bayan katin a farar takarda, duk notin da ka cire ka ajiye shi a gurbinsa a kan zanen. Tsayinsu ba ɗaya ba ne, dogo ya shiga ramin gajere yana iya huda bod. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. A tsakiya za ka ga noti huɗu masu sifirin a ƙarƙashin kansu, a jere murabba'i. Su ne ke matse ƙarfen a kan ƙwaƙwalwa. Su za ka bari ƙarshe, kuma a gicciye ake kwance su, rabin juyi a wannan kusurwa, rabin juyi a wadda ke kallonta, a haka har su saki tare.

Yanzu kada ka fizga. Riƙe bod ɗin a hannu ɗaya, lagireto a ɗaya, ka ɗan murɗa hagu da dama a hankali har ka ji ya saki. In ya ƙi, akwai notin da ka manta, sau da yawa yana ɓoye wurin ramukan HDMI. Ka buɗe shi kaɗan ka leƙa: siririyar wayar fanka, wani lokaci har da ta fitila, tana nan a maƙale. Ka kama farar robar kan wayar da farce ko hantsaki ka zaro, ba wayar za ka ja ba.

Abin da za ka gani a tsakiya ɗan murabba'i ne mai ƙyalli, ba shi da murfin ƙarfe irin na furosesa, silikon ne tsirara. Kewaye da shi ƙananan abubuwa ne jere reras, wasunsu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma farce ko bakin sukudireba na iya ɓalle ɗaya ba ka ji ba. Jiƙa tsumma da sifirit ka goge saman a hankali har ya yi wal. Man da ya bushe tsakanin ƙananan abubuwan nan ka taɓa shi da tsinken auduga, wanda ya ƙi fita ka ƙyale shi, ba ya cutar da komai. Goge farantin jan ƙarfen da ke jikin lagireto shi ma. Tun da yana hannunka a ware, wannan ne lokacin wanke shi da kyau. Bututun jan ƙarfen da suka ratsa shi rufaffu ne, da ɗan ruwa a ciki da ke tafasa ya kwashi zafi zuwa faifan, don haka kada ka lanƙwasa su ko ka huda.

A kan furosesa ɗigo ɗaya a tsakiya ya wadatar, a nan kuwa shafawa ake yi. Sa man daidai ƙwayar wake, ka ja shi da katin ATM siriri har ya rufe kowace kusurwa, yadda mai shayi ke shafa bota a burodi ba ya barin gefe. Kusurwar da mai bai kai ba ita ce za ta ɗaga maka Hot Spot. Ya ɗan yi yawa ya fi ya gaza, rarar matsewa za ta yi ta fita gefe. In PTM7950 ne, ka sa shi a firij na ɗan lokaci ya yi tauri, ka yanka daidai girman ƙwaƙwalwar, ka ɓare ledar gefe ɗaya ka manna, ka danna, sannan ka ɓare ta saman a hankali. Shi ba ya nuna ƙarfinsa ranar farko, sai ya yi zafi ya huce sau da dama.

Sababbin fad ka yanka su daidai girman abin da za su rufe, ka tabbatar ka ɓare ledar gefe biyu. Mantawa da leda ɗaya kuskure ne da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Idan ka canza fad, ka yi haƙuri ka yi asarar mai sau ɗaya: haɗa katin, ɗaure, sake kwancewa ka duba. Ya kamata ka ga sawun memorin ya ɗan fito a jikin fad, man kuma ya baje siriri ko'ina. In ka ga man ya yi tudu bai matsu ba, fad ɗin sun yi kauri sun ɗaga farantin, kuma katin zai fi da zafi. Goge, gyara, sake shafawa.

Wurin rufewa, wayar fanka farko. Sannan notin nan huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su tsaya da kansu, ban da ƙarin ƙarfi. Mayar da katin, kunna, ka tabbatar da idonka fankar ta juya da gwaji ya fara. Maimaita awon a daidai lokacin da ka yi na farko. A tsohon katin da manshi ya bushe, faɗuwar digiri 10 ba abin mamaki ba ne. In zafin ya fi na da, kashe nan take, zama ne bai yi daidai ba.

Fanka da wutar da za ta ɗauki nauyin

Fankar da ke ƙara ko girgiza ana samun madadinta, lambarta na rubuce a bayanta. Amma akwai dabarar da na fi so ga katin da ya riga ya tsufa: a cire murfin robar da ƙananan fankokin gaba ɗaya, a ɗaure fankar kes guda biyu masu milimita 120, irin Arctic P12, a jikin lagireton da kebul tai, suna hura iska ciki. Babbar fanka na tura iska mai yawa ba tare da hayaniya ba. Za ka jona su a madabod, ko ka nemi 'yar wayar da ke haɗa su da ƙaramin ramin fankar katin don katin ya riƙa sarrafa su. Ba kyau gare shi ba, kuma yana cin wuri, amma yana aiki.

Sanyaya ta ruwa, a ganina, ba ta kai kuɗinta ba ga katin matsakaici a nan. Ruwan ma da iskar ɗakin ake sanyaya shi, famfo na mutuwa, in kuma ya yi yoyo babu mai gyara kusa.

A Afterburner, shiga saiti, ɓangaren Fan, ka zana naka layin. Katuna da yawa ba sa juya fanka sai sun kai digiri 50 zuwa 60, tsarin da aka yi don masu son shiru a ƙasar sanyi. A bazarar Gombe gara ta riƙa juyawa a hankali kullum da ta yi ta tashi tana tsayawa. Misali kashi 35 a digiri 40, kashi 60 a digiri 65, kashi 80 a digiri 75, cikakken gudu a 83.

Kafin a ƙara wa katin ci, a duba mai ba shi abinci. GTX 1060 wat 120 yake sha, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, RTX 3080 wat 320. Ramin madabod na ba da wat 75, waya mai baki 6 ta ba da 75, mai baki 8 ta ba da 150. Fawa saflai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, marar suna da ya zo a cikin kes, mai nauyin takarda, komai lambar da aka liƙa masa, ba abin yi wa obakulok ba ne. Haka 'yan wayoyin da ke mayar da wutar SATA zuwa ta kati, suna narkewa. In katin na da ramin wuta biyu, ka ba kowanne wayarsa daga fawa saflai. Kuma ka yi gwajinka a kan tsayayyiyar wuta, da UPS ko inbata mai kyau, in ba haka ba janareta zai yi tari kwamfutar ta mutu ka ɗora wa saitinka laifi.

Ƙara gudu

Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. A Afterburner, fara da Power Limit, wato iyakar wutar da katin zai sha, ka ja shi ƙarshe. Kamfanin ya riga ya sa iyakar da ba za ka iya wucewa ba. Temp Limit na tafiya tare da shi, amma ni nakan raba su in bar na zafi a 83. Core Voltage kada ka taɓa, ribarsa ba ta kai zafinsa ba.

Sai Core Clock, wato gudun ƙwaƙwalwar katin. Sa +50, danna alamar amincewa, kunna gwaji minti biyar. Ya wuce lafiya, ƙara 15. Haka za ka yi ta hawa. Iyaka takan nuna kanta ta hanyoyi sanannu: gwajin ya rufe kansa, sikirin ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo saboda Windows ta sake tada direba, manhajar da ke tuƙa katin, ko hoton ya daskare. Wannan ba ya lalata katin. Koma baya da 30 daga inda ya faɗi. Yawancin katunan NVIDIA tsakanin +100 da +150 suke tsayawa. Kati biyu iri ɗaya daga kwali ɗaya ba sa tsayawa wuri ɗaya, don haka lambar abokinka tasa ce.

Memory Clock ana hawansa da manyan taki, 100 a kowane karo. Katunan GDDR6 sukan ɗauki +500 zuwa +1000. A nan ido kaɗai bai isa ba. Ɗigo-ɗigo masu launi, walƙiya, ko layuka a sikirin alama ce ta fili. Amma memorin zamani, musamman GDDR6X, in ya yi kuskure yakan gane ya sake aikawa, sai ka ga hoto tas alhali aiki ya ragu. Saboda haka duk ƙarin da ka yi ka gama gwajin ka rubuta maki. Inda maki ya daina hawa ko ya fara sauka, ka wuce gona da iri, koma baya da 200. Garin neman ƙiba a nan ake samo rama.

Masu AMD ba sa buƙatar Afterburner, manhajar Adrenalin na da sashen saiti a ƙarƙashin Performance. RX 580 yana zuwa da MHz 1340 a ƙwaƙwalwa, 2000 a memori, kuma da yawa ba sa wuce 1400 zuwa 1450, suna kuma shan wuta sosai kafin su kai can. HWiNFO64 na ƙirga kuskuren memori a irin waɗannan katunan, ka tsaya a inda lambar ba ta motsi.

Haɗa saitin biyu ka bar gwaji ya yi awa ɗaya. Bayan haka ainihin jarrabawa ita ce aikinka na kullum: gem ɗin da kake bugawa, ko fitar da dogon bidiyo. Akwai saitin da zai cinye Superposition ya faɗi a Blender. Ajiye shi a ɗaya daga gurabe biyar ɗin da ke jikin Afterburner, amma kada ka kunna alamar Windows mai sa shi tashi tare da kwamfuta sai ya yi mako guda bai ba ka matsala ba. In ka yi gaggawa har kwamfutar ta koma mutuwa da zarar ta buɗe, shiga ta Safe Mode ka cire Afterburner, komai zai dawo yadda yake, don saitin ba a cikin katin yake zaune ba. Wanda aikin mutane ke hannunsa, bidiyon amarya ko zanen kwangila, ya rage wani 15 a kan wanda ya ci jarrabawar.

Rage wuta

Ga mai aiki da sola ko janareta, wannan ya fi duk abin da ya gabata amfani. Wutar da ƙwaƙwalwar ke sha tana hawa ne da ninkin bolt a kansa. Katin da ke aiki a bolt 1.05, in ka sauke shi zuwa 0.90 a gudu ɗaya, kusan rubu'in wutar ƙwaƙwalwar ya tafi, zafin ma haka. Kamfani na ba da bolt fiye da buƙata ne don kowane kati da ya fito daga masana'anta ya yi aiki, har mai rauni a cikinsu.

A Afterburner danna Ctrl da F. Zane zai fito, milibolt a kwance, MHz a tsaye. Ka bar ƙarin Core Clock ɗin da ka riga ka tabbatar, misali +120, shi ne ya ɗaga layin gaba ɗaya. Nemo ɗigon da ke kan 900. Riƙe Shift ka ja linzamin a fili daga daman wannan ɗigon har ƙarshe don ka zaɓe duk na bayansa, ka kama ɗaya ka ja su ƙasa sosai, ka danna alamar amincewa. Layin zai miƙe sambal daga 900 zuwa dama, ma'ana katin ba zai sake neman bolt sama da haka ba. A jerin RTX 30 da yawa na riƙe MHz 1850 zuwa 1900 a wannan wuri, kusa da gudun da suke yi daga masana'anta, kuma a manya irin 3080 ragin yakan kai wat 50 ko fiye. Gwada yadda ka gwada na baya. Ya faɗi, rage 15, ko ka matsa zuwa 925. Ya tsaya, gwada 875 ka ga ko makin da ka rasa ya kai wutar da ka tsira da ita.

Ka ajiye saiti biyu. Na farko mai cikakken gudu, na hunturu da tsakiyar damina. Na biyu mai ragin wuta, daga Maris zuwa Mayu da duk daren da kake kan batir. Saitin da ka tabbatar a Janairu ka sake gwada shi in bazara ta shigo, don wanda ya tsaya a digiri 65 ba lallai ya tsaya a 80 ba. Bulowa sau ɗaya a wata lokacin hazo, sau ɗaya a wata uku a sauran shekara. Mai kuwa ba a canza shi da kalanda: ka riƙa duba tazarar Hot Spot kana kwatanta ta da wadda ka rubuta ranar da ka rufe katin, in ta ƙaru da digiri 8 zuwa 10 sai ka sake buɗewa.